Yadda A Ke Shimfiɗa Katako A Bayan Akori-Kura

Edita ya roƙe ni in rubuta wani abu game da aikin katako, ni kuwa na duba na ga babu darasin da na fi iya bayarwa kamar wanda na saya da kunyata. Saboda haka zan ba ku labarin wata tsohuwar motar kawuna, da yadda na ɓata ta da ɗan ilmina, da kuma yadda aka gyara ta. Wanda ya karanta a hankali zai fita da abu guda, watau katako ko an sare shi, an tsaga, an goge, bai bar motsi ba. Yana kumbura da damina, yana tsukewa da rani. Kowa ya yi aiki da shi bai bar masa wurin wannan motsi ba, aikinsa ba ya shekara.

Motar Kawu

Ni mutumin Ngojin ne, cikin ƙasar Potiskum, a Jihar Yobe. Kowa ya sani Potiskum garin kasuwa ne da motoci. Tana bisa babbar hanyar da ta taso daga Kano zuwa Maiduguri, kasuwar shanunta kuwa tana cikin manya na Afirka ta Yamma. Daga nan a ke loda shanu cikin manyan motoci zuwa Ikko da Fatakwal da sauran garuruwan Kudu. Amma kafin rago ko buhun gero ya kai ga babbar mota, sai wata ƙarama ta ɗauko shi daga ƙauye. Wannan ƙaramar ita ce akori-kura, mai buɗaɗɗen baya.

Ta Kawu ƙirar Peugeot 404 ce. Wannan samfuri ya fara fitowa a Faransa cikin 1960, daga baya aka yi masa mai buɗaɗɗen baya domin kaya. Cikin 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, har motocin kamfanin suka cika Arewa, kowane makaniki ya san cikinsu kamar tafin hannunsa. Da wannan mota Kawu ya ke ci da gida, da ita kuma ya biya mini kuɗin makaranta. Injinta lafiya lau, amma ƙarfen da ke shimfiɗe a bayanta ya mutu. Fitsarin dabbobi da kashinsu da takin zamani sun cinye shi da tsatsa, har mutum yana hangen ƙasa ta cikin ramuka.

Kuskurena

A lokacin ina shekarata ta farko a kwaleji, na fara riƙe zarto da guduma, ina ji kamar babu kafinta sai ni. Da na zo hutu cikin watan Maris na ce, "Kawu, kada ka ba kowa kuɗinka. Saya mini katako, ni zan shimfiɗa." Ya saya mini farin katako mai araha wanda ya daɗe a rana, ya bushe ƙayau. Mai walda ya yanke mataccen ƙarfe. Ni kuwa na jera katako na matse su gam, ko allura ba ta shiga tsakaninsu. Na huda kowanne, na ɗaure da noti, na shafe sama da koren fenti mai sheƙi. Ƙasa da bakin katako ban taɓa su ba, gama a ganina abin da ido ba ya gani ba ya bukatar ado. Mutanen unguwa suka zo kallo, ana ta sa mini albarka.

Ruwa ya sauka cikin Yuni. Kafin tsakiyar Agusta katakon ya yi tozo kamar bayan raƙumi, biyu suka tsage daidai wurin noti. Ran nan Kawu ya ɗauko ragon wani maƙwabcinmu za shi kasuwa, ƙafar ragon ta faɗa cikin tsagar, mota ta yi tsalle a rami, ƙafar ta karye. Dole aka yanka shi aka sayar wa mahauta a wulakance, Kawu ya cika wa mai rago kuɗinsa daga abin da ya ajiye na cefanen damina. Bai zage ni ba. Ya dai kira ni bayan mota ya ce, "Ɗan boko, zo ka karanta mini wannan." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Sai ya kai ni wurin wani tsohon kafinta a Potiskum, wanda ya tsufa cikin ƙera bodin manyan motoci. Tsohon ya dubi aikin, ya sa farce a bakin katako, farcen ya nutse. Ya ce, "Yaro, a wane wata ka ɗaura?" Na ce, "Maris, Baba." Ya ce, "Ka ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa ranar da ya tashi daga ciwo, ka ce kuma kada ya yi ƙiba. To, ga ƙibar ta zo." Abin da ya koya mini da hannu, daga baya na same shi cikin littattafai da lissafinsa. Ga shi zan jera muku.

Dalilin motsin katako

Itace mai rai cike ya ke da 'yan ƙananan bututu waɗanda su ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. In an sare shi, ruwan da ke cikin bututun shi ya ke fara fita, wannan kuwa ba ya rage girman katako. Sai ruwan ya ragu zuwa wajen kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen katako, sa'an nan jikin bututun kansu ya fara bushewa, katako ya fara tsukewa. Daga nan har ƙarshen ransa yana bin iskar da ke kewaye da shi. In iska ta yi laima ya sha, in ta bushe ya fitar.

To, ku dubi ƙasarmu. Da hunturu da farkon bazara iska takan bushe har ruwan jikin katako ya sauka wajen kashi 5 cikin 100. Cikin Agusta, sa'ad da gishiri ke jiƙewa a kwano, yakan hau wajen kashi 15. Bambanci kashi 10 ke nan. Masana katako sun auna sun ga, a katako na gama-gari, duk canjin kashi 4 na ruwa yana kawo canjin wajen kashi 1 cikin 100 na faɗi. Watau tsakanin Maris da Agusta faɗin katako yana iya ƙaruwa da kashi 2½ cikin 100.

Bari mu yi lissafi. A ce faɗin bayan mota inci 60 ne, an jera katako 10 masu faɗin inci 6. Kashi 2½ cikin 100 na inci 60 shi ne inci 1½. Ina wannan inci ɗaya da rabi za shi, alhali ƙarfe ya tsare dama da hagu? Ba shi da hanya sai sama. Tozon da na gani ke nan. Wanda kuma ya ɗaura ɗanyen katako, nasa kuskuren juyin nawa ne. Hunturu na zuwa zai ga tazara ta buɗe har yatsa yana shiga, notuna sun saki, bodi yana ta ƙara kamar gwangwani.

Abin lura, wannan motsi a faɗi da kauri ya ke. A tsawo kusan babu shi. Kuma katakon da aka tsaga har zoben shekarunsa suka tsaya a tsaye in ka dubi bakinsa, motsinsa wajen rabin na wanda zobensa ke kwance ne.

Zaɓen katako

Araha ba ta ado. Farin katakon nan mara nauyi da a ke kira obeche yana da kyau wajen silin da akwati, amma ba ya jure ruwa, ƙwari kuma suna sonsa. Loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, shi ne sarki a wannan aiki, gama yana jure ruwa da gara, motsinsa kuma kaɗan ne. Maɗaci yana biye, shi muka samu muka saya. Kirya ta fi su tauri, amma tana da nauyi ƙwarai, tana dakushe zarto, samun doguwarta miƙaƙƙiya kuma da wuya. Ku tuna duk nauyin da aka ƙara wa bodi an rage shi ne daga kayan da mota za ta ɗauka.

Ko wane iri ka zaɓa, ka guji fari-farin nan na gefen itace, na kusa da ɓawo. Ko a jikin loko ne, shi ke fara ruɓewa. Ka guji mai babban ido da mai tsaga a baki. Kauri inci 1 bayan an goge ya isa akori-kura, faɗi kuwa kada ya wuce inci 6, domin siririn katako bai cika kantarewa kamar mai faɗi ba.

Yawancin katakon kasuwanninmu daga dazuzzukan Kudu ya ke zuwa, inda iska ke da laima duk shekara. Sau da yawa yana isowa da ruwansa. Saboda haka kada ka saya yau ka ɗaura gobe. Jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi, a danne sama da duwatsu. Yanki guntu ɗaya ka riƙa auna nauyinsa kowane mako a sikelin mai shago. Ranar da nauyin ya bar raguwa, katako ya daidaita da iskar garinku. Namu mun jera shi bayan girbi, ya yi mako 6.

Shirya ƙarfe

Kafin a kawo katako sai a gyara abin da zai kwanta a kai, watau ƙarafan da suka gitta bisa shasi. Mun kankare tsatsa da burushin waya, mai walda ya canja biyu da suka mutu, muka shafa jan fentin nan na maganin tsatsa sau biyu. A nan ina gargaɗi da babbar murya. A irin waɗannan motoci tankin mai yana ƙarƙashin baya. Lalle a cire shi a kai nesa kafin a kunna walda, gama tankin da babu mai a ciki sai tururi ya fi cikakke haɗari. In za ka huda ƙarfe kuma, leƙa ƙasa tukuna, kada ka huda wayar fitila ko bututun birki. Bayan fenti ya bushe, Baba ya yanka tsohon tib na taya ya shimfiɗa bisa kowane ƙarfe, don kada katako ya riƙa gugar ƙarfe yana kankare fentin.

Rufe katako daga ruwa

Wannan aiki kafin ɗauri a ke yinsa, gama in an ɗaure akwai wuraren da burushi ba zai ƙara kaiwa ba. Katako fuska 6 gare shi, watau sama da ƙasa, gefe biyu, da baki biyu. Ni ɗaya na shafa na bar biyar. Ƙasa ita ke shan ruwan da taya ke watsawa da taɓo. Baki kuwa nan ne bututun nan su ke a buɗe, yana shan ruwa fiye da sau 10 bisa ga sauran jiki. In an rufe sama kaɗai, ƙasa ta sha ruwa ta kumbura, sama ba ta kumbura ba, dole katako ya lanƙwashe.

Ruɓewa aikin wata irin funfuna ce da ke cin katako, ita kuwa ba ta iya aiki sai ruwan jikinsa ya wuce wajen kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka. Katakon da ya jiƙe da safe ya bushe da yamma ba ya ruɓewa. Wanda ruwa ya kwanta masa a lungu shi ke mutuwa.

Ga yadda muka yi. Muka yanka kowane katako daidai tsawonsa, muka goge da samfefa, muka kashe kaifin gefuna, domin fenti ba ya zama a kan kaifi. Ƙasa da baki muka shafa musu maganin gara irin su Solignum, muka bari ya bushe sarai. Sa'an nan muka tsinka fentin mai da ɗan kananzir muka yi shafin fari a duk fuskoki don ya shiga jiki, muka bi da shafi biyu masu kauri, kwana guda tsakanin kowane shafi. Baki sai da ya sha sau huɗu.

Wani zai ce, me ya hana a shafa banish don jan maɗaci ya fito? Ranar ƙasarmu ce ta hana. Banish garau ya ke, hasken rana yana ratsa shi ya cinye fuskar katako, sai ya ɓare kamar saɓar maciji. Launin da ke cikin fenti shi ke tare hasken. Wani kuma zai ce, ga baƙin mai na inji a banza a gareji. Gaskiya ne masu motoci da yawa suna shafa shi, yana kuwa korar ruwa. Amma akwai dattin ƙarfe da guba a cikinsa, yana sa santsi, ga shi kuma a nan a ke ɗora gero da wake da tumatir. Ban yarda a shafa shi inda abinci zai kwanta ba. Abu ɗaya kuma, tsumman da ya jiƙe da fentin mai kada a dunƙule shi a jefa lungu, irinsa yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a fili.

Kada dai ku ɗauka fenti yana hana katako motsi. Jinkirta shi kawai ya ke yi. Shi ya sa dabara ta gaba ta fi kowace.

Ɗauri

Baba ya hana a huda katakon tsakiya ko ɗaya. Ya jera su, tsakanin kowane biyu ya tsayar da ƙusa mai inci 4, kaurinta kuwa wajen 3/16 na inci ne. In kun koma ga lissafinmu za ku ga kowane katako mai inci 6 yana bukatar wajen 0.15 na inci don kumburi, watau kaurin ƙusar ya isa har da ɗan saura. Wannan tazara ta wanda ya ɗaura busasshen katako da rani ce. Mai ɗauri cikin damina sai ya rage ta, gama nasa katakon tsukewa zai yi nan gaba.

Bisa kowace tazara ya kwantar da faffaɗan ƙarfe mai faɗin inci 1½, daga gaba har baya, bayan ya ɗan rage gefunan katako yadda ƙarfen zai zauna a ciki. Ƙusa mai noti ta bi ta cikin ƙarfen, ta ratsa tazarar, ta kama ƙarfen ƙasa. Da haka an danne katako ta gefunansa, ba ya tashi, amma yana da ikon kumbura da tsukewa a ƙarƙashin ƙarfe. Ƙarfen kuma ya rufe tazarar, ƙwaya ba ta zuba, kofato ba ya shiga, buhu yana zamewa a kansa wajen lodi. Na gefe biyu kaɗai aka huda, su ma an yi ramin ya fi ƙusar faɗi, aka ɗiga fenti a ciki, aka sa babban washa. In da hali a sami ƙusa mai farin rufi irin na bokiti da kwanon rufi, gama tsatsa tana cin katakon da ke kewaye da ita. Ba a ƙulle noti ɗaya gam sai an sa duka, sa'an nan a bi su daga tsakiya zuwa gefe, a tsaya da zarar washa ya kama, kada ya nutse cikin katako. A can gaba, wajen kan mota, ya bar rabin inci don ruwa ya sami mafita.

Daga baya na gane ba mu kaɗai muka san wannan dabara ba. A Amurka, inda kamfanin Ford ya fara sayar da akori-kura ƙirar ma'aikata cikin 1925, da yawa daga motocin Ford da na Chevrolet na shekarun 1940 da 1950 da katako aka shimfiɗe bayansu, da sirran ƙarafa tsakani, kamar yadda Baba ya yi. Masu gyaran tsofaffin motoci a can suna bin wannan hanya har yanzu. Baba bai taɓa zuwa Amurka ba, katako ne ya koya musu duka.

Kiwon aiki

Bayan mako biyu ana aiki a sake bin notuna da sifana, haka kuma a tsakiyar kowane hunturu, lokacin da katako ya tsuke. In an ɗauki dabbobi a zuba yashi don kada su zame, amma a share shi ran nan, gama yashi mai fitsari jiƙaƙƙen bargo ne a kan katako. Da damina a ajiye mota gabanta ya ɗan fi bayanta tudu don ruwa ya gangare. Kada a bar tamfol a shimfiɗe bisa jiƙaƙƙen katako. Cikin Afrilu ko Mayu, kafin ruwan fari, a wanke, a goge inda ya kankare, a ƙara shafi ɗaya, a leƙa ƙasa da baki. Rigakafi ya fi magani. Shimfiɗar da muka yi da Baba ta ga damina biyar, ba a canja katako ko ɗaya ba, Kawu kuwa ya bar kirana ɗan boko sai in yana wasa.

Abin da za ku gwada da yaranku

Ku da za ku fita koyarwa, wannan darasi ba ya bukatar mota. Ga gwaji uku da kowace makarantar ƙauye za ta iya.

Na ɗaya, ku sami guntun katako mai faɗi, yara su auna faɗinsa da tsawonsa da nauyinsa cikin Maris, su rubuta a jikinsa, a rataye a baranda. A sake aunawa da an komo hutun damina. Su faɗi da kansu wanne ya canja, wanne bai canja ba.

Na biyu, ku zuba ruwa mai bula a faranti, ku tsayar da guntu ɗaya bisa bakinsa, ku kwantar da wani bisa cikinsa. Bayan awa guda a tsaga su a ga inda shuɗi ya fi nisa.

Na uku lissafi ne. Faɗin bayan wata mota inci 54 ne, za a jera katako 9 cikin Maris. In faɗi zai ƙaru da kashi 2½ cikin 100, inci nawa za a bari gaba ɗaya, nawa kuma ya faɗa wa kowane katako?

In kun yi haka, yaron da ya ga ƙofar gidansu tana cijewa da damina tana sakewa da rani zai san dalili, ba zai ce aikin iskoki ba ne. In kuwa akwai tsohon kafinta a garin da aka tura ku, ku je ku gaishe shi, ku roƙe shi ya zo aji ko sau ɗaya. Da na yi wannan tambaya tun cikin Maris, da ragon maƙwabcinmu ya isa kasuwa da ƙafafunsa huɗu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.